Ƙusar da Maɗaci Ya Haɗiye

Ranar wata Talata ce cikin watan Yuni na 1956, hantsi bai gama ɗagawa ba, motar Sule direba ta shigo filin injin katako na Sabon Garin Gusau da baya-baya, ta sauke gungume ɗaya tak. Malam Attahiru, wanda aikinsa ne daidaita kowane gungume kafin a kai shi bakin zarto, ya taso yana kakkaɓe rigarsa. Maɗaci ne gajere mai kauri, an sare rassansa ƙarƙaf. Sule ya leƙo ta tagar mota yana washe baki, ya ce, "Malam, ga baƙo na kawo maka daga gida. Iccen ƙofar gidanku na 'Yandoto ne, iska ta kada shi."

Attahiru ya tsaya cak, hannunsa na kan ɓawon. Akwai ƙarfe a cikin wannan itace, kuma ya fi kowa sani, domin shi da hannunsa ya kafa shi shekara ashirin da biyar da suka wuce.

Duk wanda ya yi ko da mako ɗaya a injin katako ya san abin da ƙarfe a cikin itace yake nufi. Zarton injin wani faifan ƙarfe ne da tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana juyawa har haƙoransa su ɓace wa ido. In ya ci karo da ƙusa, haƙori ne ke ɓallewa ya tashi kamar harsashi, kuma wanda ya fi kowa kusa da shi shi ne mai riƙe da liba, sandar ƙarfen da ake tura gungumen cikin zarto da ita. A wannan injin, Yusha'u na Bunguɗu ne ke riƙe da liba, abokin aikin Attahiru tun suna samari.

Sule ya isar da sauran saƙon. Dattawan unguwar sun zauna sun ce itacen da ya yi musu inuwa tun kakanni bai kamata ya ƙare a murhu ba. Suna so a fitar musu da ƙyaure biyu na ƙofar masallaci kafin Babbar Sallah, kuma sun ce a kai wa ɗansu Attahiru, shi zai san yadda zai yi. Attahiru ya tambaye shi ko wani ya sa alama a gefen da ke duban gabas kafin a ja shi. Sule ya ce shi dai a bakin hanya ya tarar da shi, shanu sun jawo shi sun juya shi ya fi sau goma, kuma ba wanda ya yi masa zancen gabas ko yamma.

Attahiru ɗan masassaƙi ne. Mahaifinsa, Malam Abubakar, turmi da akushi da ƙotar fartanya yake sassaƙawa da rani a gindin wannan maɗacin, in damina ta faɗi ya koma gona kamar kowa. A wurinsa Attahiru ya koyi cewa itace ba ya girma daidai wa daida. Gefen da iska ke bugu daban ne, gefen da ke fakewa daban, kuma ba kasafai zuciyar itace ke zama a tsakiya ba. Yana da shekara goma sha takwas aka ɗebi samari aikin dogo, lokacin da hanyar jirgi ta nufo Gusau. A can ya fara ganin dogon zarto na mutum biyu a hannun wasu mutanen kudu, ya saki baki yana kallo har heluma, shugaban leburori, ya daka masa tsawa. A can ne kuma ya haɗu da Yusha'u, wani siririn saurayi mai surutun tsiya, wanda ya gudo daga kiwon shanun kawunsa. Da aikin dogo ya ƙare, suka haɗa ƙarfi suka sayi tsohon zarto a hannun mutanen nan, suka shiga daji.

Yankan katako na hannu ba ya son komai sai rami da haƙuri. A haƙa rami ya kai tsayin mutum, a gitta itatuwa biyu a bakinsa, a mirgino gungumen a kai. A tsoma zare cikin ruwan gawayi, a miƙe shi daga kai zuwa gindi, a ja a saki, ya bar baƙin layi. Mutum ɗaya ya hau sama yana bin layin da ido, ɗaya ya shiga rami yana jan zarton ƙasa, garin katako na zubo masa a ka. Ranar farko da karan dawa suka yi ƙuri'a. Yusha'u ya zaro gajere, ya faɗa rami, kuma kamar yadda yake faɗa wa duk mai saurare, bai fito ba sai bayan shekara ashirin. Tun daga ranar ya daina kiran Attahiru da sunansa, sai Na-sama. Shi kuwa ya zama Na-rami, har matan Fulani masu kawo musu nono da sunan suka san shi.

Waɗannan shekarun ne Attahiru ke ba da labarinsu in an zauna cin goro. Sun yanka kawo da maje a bakin gulbi wajen Bunguɗu, inda Yusha'u ke kafa musu ƙugiya da safe su ci gasasshen tarwaɗa da azahar. Sun yanka maɗobiya a gindin duwatsun Tsafe, birai na zaune bisa dutse suna kallonsu kamar masu duba aiki. A Ruwan Bore sun yi rani uku a jere, har mai garin ya ba su bukka. Ran da aiki ya yi kyau falanki huɗu suke fitarwa, a ɗora wa jakuna a kai Gusau, a yi ƙyauren kanti, ko bencin makaranta, ko akwatin amarya. Yusha'u ba ya rufe baki ko yana cikin rami. Yakan ce shi ya ci maɗaci fiye da duk wani mai ciwon ciki a ƙasar Zamfara, shi ya sa cuta ke tsoronsa. In ya fito da la'asar, ja wur daga kai har ƙafa, sai ya ɗago ido ya ce, "Na-sama, yau ma ka sha iska? Allah shi ƙara maka sarauta." Attahiru ba mai yawan magana ba ne. Yakan yi murmushi ya miƙa masa buta.

Zancen ƙusar daga daminarsu ta farko ya samo asali. Da ruwa ya sauka suka bar daji, Attahiru ya koma 'Yandoto da zarton a kafaɗa. Mahaifiyarsa ta ga haƙoran nan jere kamar na kada, ta ce ba a ɗakinta ba, ga yara na rarrafe. Sai ya ɗauko wata ƙatuwar ƙusar dogo da ya tsinto a wurin aiki, ya kafa ta a jikin maɗacin daidai tsayin kansa, a gefen yamma, saboda hadari daga gabas yake tasowa, kada ruwa ya riƙa dukan zarton. Damina biyar zarton na rataye a nan. Daga baya mahaifinsa ya rasu, ya auri Shafa'atu, ya tare a Gusau. Zuwansa na ƙarshe da ya kula da ƙusar, kanta kawai ya rage a waje kamar ɓarin goro. Bayan nan ko ya je gida gaisuwa, kwana ɗaya yake yi, kuma bai sake duban itacen da idon sana'a ba.

A 1951 Alhaji Muhammad Sani, wani mai sayen gyaɗa da auduga, ya sayo inji aka kawo masa a jirgi, ya kafa shi kusa da tasha. Abin da su Attahiru ke yankawa a wata guda, injin nan ya cinye shi a kwana biyu. Alhaji ya aika a kira su. Yusha'u ko gardama bai yi ba, ya kama liba kamar don shi aka ƙera ta, yana cewa yau dai ga shi a tsaye bisa ƙasa kamar ɗan'adam. Attahiru ya yi wata biyu yana ja da baya, sai da Shafa'atu ta tuna masa cewa kullum da ruwan zafi take gasa masa gwiwoyi, sannan ya je.

Ya tarar injin na da ƙarfi amma ba shi da ido. Ana ɗora gungume a kan wani gadon ƙarfe mai ƙafafu, wanda ke tafiya bisa ɗan gajeren dogo ya wuce ta gefen zarto. Yadda aka kwantar da gungumen, haka zarto zai ci shi, ba ya tambaya. In an kwantar da shi a karkace, falankin ya fito kai da kauri gindi sirit, ko ya bushe ya lanƙwashe kamar baka. Wannan kwantarwar ita ce ta zama aikin Attahiru. Yakan zagaya gungume sau biyu ko uku. Ya tsuguna a gindinsa, ya rufe ido ɗaya, ya nemi zuciyar itacen, ya koma kai ya nemo ta can ma. Sai ya sa leburori su juya shi da sanduna, kaɗan-kaɗan, har doronsa ya dubi inda yake so. Siririn ɓangaren ya tokare shi da guntun itace har zuciyar ta miƙe daidai da dogon da ke ƙasa. A danne da ƙugiyoyi, ya ja zarensa na gawayi duk da ana ce masa inji ba ya bukatar layi, sannan ya bugi gungumen da tafi sau biyu. Sai Yusha'u ya ji bugun nan yake tura liba, ko da Alhaji ne da kansa ya ce a tura.

Doka ɗaya ya kafa tun ranar farko. Itacen daji a yanka shi daga gindi, amma itacen cikin gari sai an datse duk inda hannun mutum ke kaiwa an yar. Yakan ce itacen gari ma'ajiyar gari ce. Wani ya kafa ƙusa ya rataya guga, wani ya sa zoben ɗaure jaki, wani ya soke tsohuwar wuƙa ya manta, itacen kuma ya lulluɓe komai ya yi shiru. Shekara biyar ana bin dokar nan, ko haƙori ɗaya bai taɓa ɓallewa ba.

To, ga maɗacin gidansu a kwance. Attahiru bai ɓoye komai ba. Ya kira Alhaji da Yusha'u ya faɗa musu akwai ƙusar dogo a ciki, tsawonta ya kai taƙi guda, kuma shi ya kafa ta. Alhaji ya ce a datse wurin mana. Aka auna. Gungumen duka ƙafa tara ne ba kaɗan, ƙofar na son ƙafa bakwai da rabi, ƙusar kuwa tana wajen ƙafa ta shida. In an datse, abin da zai rage ko ƙyauren akurki ba zai yi ba. Attahiru ya ce akwai hanya. Ƙusar a gefe ɗaya take, na yamma. In aka fuskantar da gefen gabas ga zarto, za a fitar da falanki shida kafin a kai zuciya, sai a tsaya, a bar rabin da ke da ƙarfen. Alhaji ya dube shi ya ce, "Malam Attahiru, kai ka san icce. In ka ce a yanka, a yanka. In ka ce a'a, Sule shi mai da masu abinsu, ba kunya a ciki."

Yusha'u ya tuna ƙusar sarai, har ya ce shi ma ya taɓa rataya rigarsa a kanta. Ya kawo shawara biyu. Ta farko, su haƙa rami a bayan injin, a ɗauko tsohon zarton da ke zauren Attahiru, don zarton hannu in ya taɓa ƙarfe ƙara kawai yake yi, sai a tsaya. Amma da sharaɗi, in ji shi, wannan karon Na-sama ne zai shiga rami, ya ɗanɗana abin da ya ciyar da bawan Allah shekara ashirin. Leburori suka yi dariya. Attahiru ya ce damina ce, ramin zai cika da ruwa kafin su kai rabi, ga zarton ya yi tsatsa. Bai ambaci gwiwoyinsa ba. Ta biyu, Yusha'u ya ce gobe Sule zai koma Tsafe, a ce masa ya ratsa 'Yandoto ya taho da wani wanda ya san yadda itacen ya tsaya. Nan Attahiru ya ɓata fuska.

"A ce ɗan Abubakar masassaƙi ya aiko tambayar ina gabas ɗin iccen ƙofar gidansu? Ƙarƙashinsa aka yanke mani cibiya."

"Ai ba ni da ta cewa," in ji Yusha'u. "Ni ɗan rami ne, ban taɓa ganin gabas ba."

Kwana biyu gungumen na kwance Attahiru na zagaya shi. Ya duba zuciyarsa ko za ta nuna masa gefen iska, ya tarar tana tsakiya cif, don itacen a tsakanin katangu ya tashi. Saura tabo. Maɗaci magani ne, ɓawonsa ake jiƙawa a sha don ciwon ciki da zazzaɓi, kuma al'adar masu ɗiba ita ce a sassaƙo kaɗan daga gabas, kaɗan daga yamma, ba a zagaye itacen don kada ya mutu. Saboda haka kowane maɗacin gari tabo biyu gare shi, suna duban juna ta baya. Wannan ma haka, ɗaya faffaɗa kamar faifai, ɗaya siriri ya kusa rufewa. Attahiru ya tuna sarai cewa tabon gabas ya fi girma, saboda hanyar kasuwa ta nan ta wuce, masu sauri kuma sukan sara na kusa da su kawai su yi gaba. Mahaifinsa har faɗa yake yi musu. Ya koma bisa siririn tabon ya lalubi wurin tsayin kansa, sai ya ji ɗan loɓawa a ƙarƙashin yatsa. Ya ce a ransa, ga ta nan. Ya ɗauki gawayi ya zana alama a kan faffaɗan tabon, ya ce nan ne gabas.

Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba. Shafa'atu ta lura tuwon da take kai masa yana dawowa da saura, ta tambaye shi, ya ce zafi ne.

Ranar Alhamis da safe aka ɗora gungumen a gado. Attahiru ya sa aka juya shi har faffaɗan tabon ya dubi zarto. Ya tokare, ya danne, ya ja zare, ya sake tsugunawa ya duba ko da ba abin da ya motsa. Sannan ya je wurin Yusha'u ya ce masa yau ya ba shi liba, shi zai tura. Yusha'u ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ba ka san gabanta da bayanta ba? Ka tura mana masallaci cikin kwata. Koma wurinka, Na-sama. In ka buga, in tura."

Attahiru ya koma. Ya kori leburori can nesa, ya ɗaga hannu, ya ɗan tsaya, sannan ya buga sau biyu.

Zarto ya shiga. Ɓawon farko ya faɗi gefe, ja wur, ƙamshin nan mai ɗaci ya cika rumfar, har Attahiru ya ji kamar yana zaune kusa da mahaifinsa ana sassaƙar turmi. Falanki na farko ya fito santal. Na biyu ya fito. Da na uku ya faɗi, Attahiru ya ji hankalinsa ya fara kwanciya, ya ga Yusha'u ya juyo yana faɗin wani abu da ƙarar inji ta haɗiye, yana dariya. Aka mayar da gado baya, aka matso da gungumen, aka sake turawa. Zarton ya ci ƙafa ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Ƙarar ba ta yi tsawo ba. Kamar an jefa dutse cikin tukunyar ƙarfe ne, sai tartsatsi, sai bel ɗin da ke juya zarto ya suɓuce yana dukan ƙasa. Cikin waɗanda suka ji ta, akwai wanda har yau yake zabura in an yar da kwano a bayansa. Yusha'u bai yi ihu ba. Ya ja liba baya tukuna, kamar yadda ya saba, sannan ya zauna a ƙasa a hankali, tafinsa a fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. Attahiru bai san lokacin da ya tsallake gadon ba. Ya tallabe shi, yana kiran sunansa na yanka, wanda ya yi shekara da shekaru bai faɗa ba. Yusha'u ya ce a kashe injin. Da aka kashe, wuri ya yi tsit, sai ya ce a hankali, "Ashe yamma ce."

A motar Sule aka kai shi asibiti. Likita ya ciro guntun haƙorin zarto daga ƙashin girarsa ta hagu, ya ce idon hagu ya tafi, ba abin da za a yi masa. Na dama ma wani ɗan ɓarɓashi ya shige shi, kuma shi ba shi da kayan cire shi, sai an kai shi wurin likitocin ido a Kano. In sun cire da wuri zai gani, in ba haka ba, sai yadda Allah Ya yi. Washegari aka sa shi a jirgin Zariya tare da ƙanensa Haruna, kansa naɗe da farin ƙyalle har hanci. A tasha Attahiru ya riƙe hannunsa. Yusha'u ne ya yi ta magana. Ya ce a kula masa da akuyarsa, kada a bar sabon mutum ya taɓa masa liba da hannun manja, kuma shi bai taɓa zuwa Kano ba, ga shi za a kai shi a rufe kamar amarya. Da jirgi ya yi kuka, Yusha'u ya matse hannun Attahiru ya ce, "Ni na tura, ba kai ba." Haruna ya yi alkawari zai bugo waya da zarar likitoci sun faɗi wani abu.

Ranar Asabar Dije, yayar Attahiru, ta zo daga 'Yandoto yin jaje. Tana zaune a tabarma tana shan ruwa ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, wane tabon maɗacin ne ya fi girma. Ta ce na yamma mana, wa bai sani ba. Ta ce ai tun da aka yi hanyar mota, tsohuwar hanyar kasuwa ta mutu, maƙwabcinsu ya ja shingen ƙaya ya haɗe da gefen gabas na itacen. A shekarar kuma aka gina rijiya ta yamma da shi, duk macen da ta zo ɗiban ruwa ɗanta na ciwon ciki sai ta sara ta nan. Ya ce, to al'adar gabas da yamma fa? Dije ta ce, "Wa zai shiga ƙaya da tulu bisa kai, Attahiru? Shekara goma sha biyar ke nan. Kai ma ka sha ruwan rijiyar nan duk zuwan da kaka yi." Gaskiya ta faɗa. Ya sha ɗin, kuma ko sau ɗaya bai ɗaga kai ya dubi itacen ba. Loɓawar da ya taɓa a ɗaya gefen, gurbin wani tsohon reshe ne.

Alhaji bai faɗa masa baƙar magana ba. Ya ce ƙaddara ce, ya aika Kano a sayo sababbin haƙora, ya ce kowa ya huta kafin su iso. Dattawan 'Yandoto suka aiko cewa a bar zancen ƙofa, tsohon asabarin da ke wurin ya ishe su Sallah. Attahiru ya ji duk wannan. Ranar Litinin ya hau motar Bunguɗu shi kaɗai, ya je gidan Inna Tambaya, mahaifiyar Yusha'u, tsohuwar da ta sha dama musu fura a shekarun da suke yanka a bakin gulbi. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya faɗa mata komai yadda ya faru. Ya ce an ba shi shawara ya aika a tambaya ya ƙi, kuma kada ta yarda in an ce mata laifin inji ne. Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta ce in wayar ta zo, kome ta ƙunsa, shi take so ya kawo mata labarin da bakinsa, kada ya aiko kowa. Ya ce to.

Tun daga ranar, da hantsi yakan je gidan waya ya tsaya a bakin taga har ma'aikacin ya girgiza masa kai. Ran da jirgin Zariya ke shigowa, yana tasha tun kafin a ji kukansa, yana duba masu saukowa ɗaya bayan ɗaya ko zai ga wanda ya fito daga Kano. Wani ɗan kasuwa ya ce ya ga Haruna a ƙofar asibitin yana sayen koko, amma bai tsaya sun yi magana ba. Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyar Yusha'u. Wayar ba ta zo ba, kuma ba wanda ya san ko idon dama zai gani.